Ma'aikaci da Neman Gida Mai Faɗi

Idan iyalin ma'aikaci a Kafanchan ko Zonkwa suka ƙaru har ciki da falo ya yi musu kaɗan, ƙaura zuwa babban gidan haya ba ita kaɗai ce mafita ba. A 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, ta damƙa shi ga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Kowane wata akan cire kashi 2.5 cikin ɗari daga albashin ma'aikacinta a zuba ciki. Wanda ya cika wata shida yana zubawa yana da ikon neman rancen gina gida ko sayensa, da ruwan kashi 6 cikin ɗari, ya biya a hankali har shekara 30. Saboda haka lalle ya adana takardun albashinsa, gama su ne shaidarsa.