An Ɗaga Bodi, Sandar Ogzilari Ta Ƙi Zama: Ina Gyaran Yake?

Tambaya: Na sayi tsohuwar Hilux, na sa an ɗaga bodinta da inci 2 don manyan tayoyi su sami wuri, saboda hanyar garinmu rairayi ce da rani, laka da damina. Tun daga nan sandar ogzilari ba ta zama a 4L. Da na taka mai a hawa sai ta yi ƙara ta fice. Makanikina ya ce a sauke tiransifa, wato akwatin giyar da sandar ke sarrafawa, a buɗe ta. Mene ne abin yi?

Amsa: Malam, kada ka yarda a sauke tiransifa tukuna. Motar da take shiga 4L lafiya lau kafin a taɓa bodinta, da wuya a ce haƙoran ciki sun lalace dare ɗaya. Mai yiwuwa matsalar tana waje, tsakanin sandar da ramin da take fitowa a daɓen mota.

Inji da giyabos da tiransifa duk a kan shasi suke zaune, kuma sandar tana kafe a jikinsu. Da ka ɗaga bodi, daɓen ya hau sama, ita kuwa sanda tana nan inda take. Sanda tana lilo ne daga gindinta, saboda haka ramin da a dā ya ishe ta kaiwa da komowa yanzu ya matse ta. Sai ta bugi bakin ƙarfe kafin ta kai ƙarshen tafiyarta, haƙora su kama rabi da rabi. Idan ka taka mai, inji ya murɗa a kan robobinsa, daɓen ya ture sandar, giya ta fice. Haka abin ke faruwa ga wanda ya canja inji ko giyabos, tiransifa ta matsa gaba ko baya.

Ka fara da cire robar da ta rufe gindin sandar, ka duba bakin ramin da tocila. Inda fenti ya goge, ƙarfe yana ƙyalli, nan take bugawa. Sannan a tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a tare tayoyi da duwatsu, ka bi da sandar 2H, 4H, N, 4L. A kowane matsayi akwai ɗan ƙwallon ƙarfe mai sifirin a ciki da ke faɗawa cikin gurbinsa, hannu yana jin faɗawarsa sarai. Wannan gurbin shi ne ya kamata ya tsayar da sanda. Duk abin da ya tsayar da ita kafin nan, ko daɓe ko kujera ko sandar babbar giya, shi ne za a gyara. Ka duba robobin da inji da giyabos ke zaune a kai ma, domin idan sun tsage, kome ka yi wa sanda ba zai ɗore ba.

In bugun kaɗan ne, a faɗaɗa ramin har a sami tazarar kamar santimita 2 ta kowane gefe, a kiyaye ƙarafan da ke riƙe daɓen ta ƙasa. In hakan bai isa ba, sai a lanƙwasa sandar ko a ƙara mata tsawo, kuma a nan ne aka fi ɓata aiki.

A ciro sandar daga mota kafin wuta ta taɓa ta. A gindinta akwai bushin na roba da girisi, kusa da ita kuma akwai wayoyi da bututun mai. Sanduna da yawa suna da roba a cikin rabinsu na sama don rage girgiza, zafi kuwa yana cinye ta. A fara gwada siffar da ake so da waya mai kauri a cikin motar, a bi da ita duk matsayi huɗu, sannan a ɗaure sandar a bais, a gasa wurin lanƙwasa har ya yi ja, a lanƙwasa shi daidai da siffar wayar, a bar shi ya huce da kansa ba tare da an tsoma a ruwa ba. In ƙarin tsawo za a yi, a saka guntun ƙarfe daidai da abin da aka ɗaga bodin, a fiƙe bakunan biyu don walda ta shige ciki, a zura guntun bututu a kan mahaɗin a walde shi. Waldar baki da baki kawai tana karyewa, kuma ba a gareji take karyewa ba, sai mota ta kafe a daji ana fizgar sanda da ƙarfi. Masu walda irin na Panteka a Kaduna sun iya wannan aiki, matuƙar an kai musu ma'auni daidai. Kada a yi zarin tsawo: duk abin da aka ƙara yana ƙara nisan da kan sanda zai yi, ga nauyi da ke jijjiga ta a hanya mai gargada.

Wasu motocin, kamar wasu Jeep masu tiransifa NP231, sandarsu tana ɗaure a bodi, ƙarafa ne suka haɗa ta da tiransifa. Waɗannan sun fi wahala bayan ɗaga bodi, don ƙarafan kan cije idan shasi ya murɗe. Maganinsu na dindindin shi ne a koma sanda mai kebul, wadda ba ruwanta da motsin bodi, a nisanta kebul ɗin daga zafin salansa.

Abin da nake roƙonka ka guje masa shi ne ɗaure sanda da robar tayar keke ko tokare ta da katako, kamar yadda ake yawan gani a motocin haya na karkara. Dannawar dindindin tana cinye cokalin da ke tura giya a ciki, sai kuma a koma ga buɗe tiransifar da ake gudu. Haɗarin ya wuce na kuɗi: idan tiransifa ta faɗa N a gangare, inji ya rabu da tayoyi gaba ɗaya, ko da babbar giya tana ciki, motar za ta gangara, birki kaɗai ya rage maka.

Bayan gyara, a mayar da roba mai kyau a gindin sanda don ƙura da ruwa da hayaƙin salansa kada su shigo ɗaki. A yi gwaji a ƙasa mai laushi, domin irin wannan tiransifa ba a sa ta 4H ko 4L a busasshiyar kwalta. Ka shiga 4L, ka taka mai ka saki sau da yawa, ka hau tudu da taya ɗaya don shasi ya murɗe, ka gwada da ribas. Idan sandar ba ta taɓa kome, tana kaiwa gurbinta, amma har yanzu tana ficewa, to a lokacin ne maganar makanikinka ta zo: a buɗe a duba sifirin da cokali da haƙora.