Kayan Zaƙi Na Gida, Da Yadda Za A Rage Cutarsu

Kai mai gida, kai ke ba da kuɗin cefane, kai ke shigowa da tsaraba. Saboda haka duk abin da 'ya'yanka ke tsotsa, da hannunka a ciki. Yaro ba ya ƙin zaƙi, babba ma haka. Amma Hausawa sun ce, zuma ga zaƙi ga harbi. To, sukari ma da nasa harbin.

Ga yadda ya ke yi. A cikin bakin kowane mutum akwai waɗansu ƙwayoyi ƙanana, ido ba ya ganinsu. In sukari ya maƙale a haƙori, sai su ci, su fid da wani tsami. Tsamin nan shi ke cin haƙori har ya yi rami. Yawan sukari kuma yana kawo ƙiba, ƙiba kuwa tana buɗe wa ciwon sukari ƙofa.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni. Bisa ga lissafinta, kada babban mutum ya kai ƙaramin cokali 12 na sukari a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Zuma ma tana cikin lissafin nan. Ka ga ke nan, da shayin safe da alewar rana, mutum ya cika mudunsa bai sani ba.

Ba a ce ka hana iyalinka zaƙi ba. Dabara ita ce a yi shi a gida, a sa dabino a madadin sukari. Dabino ma da sukari a jikinsa, mai yawa kuwa, amma yana tafe da harza, watau zare-zaren nan na cikin namansa, wanda ke gyara ciki, yana kuma sa mutum ƙoshi da wuri. Ga iri uku. Ka karanta wa uwargida.

Na ɗaya, dakuwa. A sami aya gwangwanin madara 2, gyaɗa gwangwani 1, dabino 15. A wanke ayar, a shanya, a soya ta da gyaɗar ba mai. A cire ƙwallon dabino. A daka aya ta yi laushi, sa'an nan a zuba gyaɗa da dabino da 'yar citta, a yi ta kirɓawa har su kama juna. Sai a cuccura. Amma a tsince gyaɗar tukuna. Wadda ta yi fumfuna a zubar, gama tana da dafi mai lalata hanta.

Na biyu, curin riɗi. A wanke riɗi, a rege tsakuwa, a soya sama-sama har ya yi ƙamshi. A kirɓa shi da dabino, a mulmula ƙanana. Yana maye gurbin kantu, ba a kuwa narka sukari ba.

Na uku, kindirmo da 'ya'yan itace. A yayyanka gwanda nunanniya, ko ayaba, ko mangwaro, a zuba cikin kindirmo. Zaƙinsu ya isa. Sai dai a tabbata an tafasa madarar kafin ta yi barci, domin ɗanyar madara takan ɗauko cuta daga saniya.

Saura gargaɗi huɗu. A ba yara bayan sun ci abinci, kada su yini suna lasa, kuma curi ɗaya ko biyu ya wadatar. Dabino yana maƙalewa a haƙori, don haka a bi shi da asuwaki ko buroshi. Jaririn da bai cika shekara 1 ba, kada a ba shi zuma ko kaɗan. Wanda kuma ciwon sukari ya riga ya kama, sai ya tambayi likita kafin ya ci dabino.

Ran kasuwa mai zuwa, kuɗin da ka saba ba mai alewa, ka kai wa mai aya da mai dabino. Rigakafi ya fi magani.