Yadda Ake Gane Matsalar Ƙafar Baya Kafin Sayen Mota Mai Gudu Ta Hannu

Matasan Gwandu da Kalgo masu sha'awar Lexus IS350, Mercedes C350 ko BMW sukan buɗe gaban mota, su saurari kukan inji, su biya kuɗi. Ƙafar baya kuwa ba mai leƙa ta. Alhali yawancin waɗannan motoci da tayoyin baya suke tura kansu, don haka idan bayan ya saki, ƙarfin injin ne zai jefa mutum rami. Ba a cinikin biri a sama. Ga yadda za ka bi.

1. Dubi tsayuwarta

A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, babu kaya a but. Auna daga tsakiyar wili zuwa bakin jikin motar da ke saman taya, hagu da dama. Bambancin da ya wuce santimita ɗaya da rabi na nuna sifirin ya gaji ko ya karye, ko motar ta taɓa shan duka.

2. Karanta tayoyin baya

Zura hannu ka shafa gefen ciki, wanda ido ba ya gani. Idan ciki ya cinye waje na nan, saitin ƙafa ya kauce ko bushin ya mutu. Idan ka ji tudu da kwari a jere, shok ya daina riƙo. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT su ne mako da shekarar ƙera taya: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Ka tabbata tayoyin baya biyu iri ɗaya ne, girma ɗaya, sannan mai faci ya daidaita iska da abin da ke rubuce a ginshiƙin ƙofar direba kafin gwaji. Sababbin tayoyi a baya kaɗai abin tambaya ne, domin wani lokaci cin taya ake ɓoyewa.

3. Shiga ƙarƙashi da bakanikenka

Naka, ba na dillali ba. A hau rami da tocila, a nemi waɗannan:

- Mai da ke tsiyaya a jikin shok.
- Bushin da robarsa ta tsage. A sa ƙarfe a ɗan banƙara kowane hannun ƙafa. Mai lafiya ba ya wasa.
- Hannun da ya lanƙwashe, sabuwar walda, ko baƙin fenti da aka fesa kwanan nan.

Sannan a ɗaga da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, a sake kamawa hagu da dama. Motsi na nuna boris ko mahaɗin ƙafa ya ci.

Kowace mota da cutarta. Mercedes C-Class na 2008 zuwa 2014 an san shi da tsatsar gadon ƙarfen da ke riƙe ƙafafun baya, musamman wanda ya fito daga arewacin Amurka ko Kanada, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Tsatsar daga ciki take ci, don haka a ƙwanƙwasa da guduma, kada a tsaya ga kallo. BMW E46, na 1999 zuwa 2005, yakan tsage a ƙasan but, daidai inda aka ɗaure gadon. Waɗannan biyun ba na ragi ba ne, na fasa ciniki ne.

4. Gwada ta a hanya iri biyu

Kunna makulli: fitilun ABS da na hana santsi su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba ko kaɗan, wataƙila an kashe ta ne da gangan.

Fara da hanyar gargada a cikin gari, a hankali, rediyo a kashe, bakanike a kujerar baya. Ƙwas-ƙwas mai sauƙi yawanci linkej ne. Dum mai nauyi kuwa shok ne ko mazauninsa. Bayan tudun rage gudu, ya kamata bayan motar ya sauka sau ɗaya ya natsu.

Sai kwalta, kamar titin Kalgo zuwa Jega, a miƙaƙƙen wurin da babu mutane, babura ko dabbobi. A gudun kilomita 80, taka totur sosai, sannan ka ɗaga ƙafa. Idan motar ta karkata gefe ɗaya da ka taka, ta koma ɗaya gefen da ka saki, tayar baya na juyawa da kanta saboda bushin ya saki. Wannan ita ce alama mafi haɗari. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, yana sauyawa idan an sha kwana, boris ne. Wani ya bi ka a baya ya ga ko motar na tafiya a karkace.

5. A auna tayoyi huɗu

Kai ta Birnin Kebbi ko Sakkwato inda ake alaimen da kwamfuta, ka nace a auna har da baya. Idan an ƙure saiti lambobin ba su dawo daidai ba, wani ƙarfe ya lanƙwashe.

6. Yanke hukunci

Shok, linkej, bushin da boris ana canja su. Tambayi farashinsu a kasuwa, bibbiyu, hagu da dama, ka cire daga kuɗin motar. Tsatsar gado, tsagewar jiki ko shasin da ya karkace kuwa, ka bar ta komai arharta. Mai motar da ya hana a kai ta rami ya riga ya ba ka amsa. Iyalinka ne za su zauna a kan ƙafar nan ta baya, don haka kada kunyar dillali ta sa ka tsallake ko mataki ɗaya.