Darasi: Miskali, Awon Zinariya

Da yawa daga cikinmu mun ji malam yana karanta babin zakka, ya ce nisabin zinariya miskali ashirin ne, mu kuwa mu gyaɗa kai ba mu san ko mene ne miskalin ba. To, shi ne darasinmu na wannan fitowa.

Miskali nauyin dinari ɗaya ne. A shekara ta 77 bayan Hijira, wajen 697 Miladiyya, Halifa Abdul Malik bin Marwan ya buga dinarin Musulunci mai rubutun Larabci zalla, babu hoton sarki, nauyinsa giram 4.25.

Wannan awo ya ƙetaro Sahara tare da fatake. Wangarawa suka zauna a Begho, a ƙasar Bono, suna sayen zinariyar ƙasashen Akan suna kai ta Jenne, tun kafin Turawan Fotugal su gina ganuwar Elmina a 1482. Daga wurinsu Akan suka ɗauki awon miskali, suka ƙera duwatsun awo na tagulla, wasu da siffar kada, wasu tsuntsu, kowanne da karin maganarsa. Garin zinariya shi ne kuɗin Tonawa har zuwa ƙarshen ƙarni na 19. Kun ga ashe hannun Musulmi ya daɗe a cikin arzikin ƙasar nan, ba baƙin jiya ba ne.

Yanzu ga lissafi. Miskali 20 sau 4.25 ya ba da giram 85. Wanda ya mallaki haka, shekara ta zagayo, zai fitar da ɗaya bisa arba'in, wato giram 2 da ɗan ɗoriya. Sarƙa da 'yan kunnen da mace take sawa don ado babu zakka a kansu a mazhabar Malikiyya, amma Hanafawa sun wajabta. Wadda ta saya ta ɓoye a akwati don ranar buƙata kuwa, ko a Malikiyya sai ta fitar. Nan ne iyayenmu mata 'yan kasuwa suka fi yin kuskure.

Mafi ƙarancin sadaki a Malikiyya rubu'in dinari ne, giram ɗaya da kaɗan. Samari masu kukan tsadar aure, ku lura da wannan. Sarƙar zinariyar da wasunku ke ratayawa a wuya ranar Salla kuma, Annabi (SAW) ya haramta wa mazan al'ummarsa zinariya, ya halatta wa mata. Zoben azurfa aka yarje wa namiji. Wallahu a'alam.