Darasi Na 12: Koya Wa Samari Da 'Yan Mata Sauraro Da Isar Da Magana

A kusan kowane gida na ƙasar Birnin Gwari, daga Kuyello har Randagi, akwai yarinya 'yar shekara 13 ko 15 mai goyon ƙanenta. Uwa tana daka ko tana bakin murhu, jinjiri yana bayan yayarsa. Akwai kuma saurayin da ake aika gona da kasuwa da ɗakin shan magani. Nan da shekaru kaɗan su ne iyaye. Mun koya musu noma da girki da gaisuwa. Amma sau da yawa mukan manta da abu biyu, watau yadda za su saurara, da yadda za su faɗi abin da suka gani. Darasinmu na yau ke nan.

Abin da yaranmu suka gani

Dajin Kamuku ya zama gandun En'e a 1936, kuma a 1999 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya. Daga baya 'yan bindiga suka yi sansani a dazuzzukan ƙasar nan. A watan Mayu na 2018 aka kai hari Gwaska, aka kashe mutum fiye da 40. A watan Maris na 2021 aka sace malamai uku a makarantar firamare ta Rama. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari bayan an yi sulhu, aka buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe.

To, yaran da suke ƙanana a waɗannan shekaru su ne samari da 'yan matan yau. Sun ji ƙarar bindiga. Waɗansu sun yi gudu cikin dare. Da yawansu ba su taɓa gaya wa kowa abin da ke ransu ba. Irin wannan yaro yakan yi mugun mafarki, ko saurin fushi, ko ya ƙi abinci, ko ya yi shiru. Kada a ce taurin kai ne, a ɗauko bulala. Tsoro ne da bai sami hanyar fita ba. Ku tuna, yaron da ba a saurare shi a gida ba, wani zai saurare shi a waje, ba mu kuwa san ko wane ne ba.

Yadda babba zai saurara

Yaro ba ya koyon sauraro da faɗa. Sai an saurare shi kana ya iya sauraron wani. Ga ƙa'idodi huɗu.

Na ɗaya, a zaɓi lokaci. Ba a tsakar gida gaban mutane ba. Hanyar gona ta isa, ko sa'ad da ake ɓarar gyaɗa, hannu na aiki baki na hira.

Na biyu, a bar shi ya gama. Kada a katse shi, ko da maganar ta ɓata wa babba rai.

Na uku, a maimaita masa abin da aka ji. A ce, “Watau kana nufin tsoron zuwa gonar fadama kake yi?” In daidai ne zai ce i. In ba daidai ba zai gyara.

Na huɗu, a riƙe masa sirri. In uba ya kai maganar ɗansa dandali, gobe ɗan ba zai ƙara ba.

Wani zai ce, ina kunya? Lalle kunya ado ce, ba kuwa mu ce a yar da ita ba. Mun san uwa ba ta sakin fuska da ɗan fari. Amma al'ada ta bar ƙofa. Akwai kaka, wadda ke wasa da jika. Akwai gwaggo da kawu. Kowane yaro ya kamata ya san babba ɗaya a dangi wanda zai iya gaya wa kome ba tare da an doke shi ba. Iyaye su faɗa masa da bakinsu: “In kana jin nauyina, je ka gaya wa kawunka.”

Sauraron jinjiri

Jinjiri yana jin muryar uwarsa tun yana ciki. Bai iya magana ba, kuka ne bakinsa. A koya wa mai reno ta tambayi kanta: yunwa ce? Ya jiƙe ne? Zafi ne ko barci? In yunwa ce, a kai shi wurin uwa. Kafin ya cika wata 6, nono kaɗai ya ishe shi. Kada a ba shi ruwa ko kunu don ya yi shiru. Kada kuma a girgiza shi da ƙarfi don haushi, gama wannan yana iya lahanta ƙwaƙwalwarsa. In mai reno ta gaji, ta kwantar da shi wuri mai kyau, ta kira babba.

Ta riƙa yi masa magana tana duban fuskarsa. In ya yi gwalantu ta amsa masa. Da haka yaro ke koyon magana.

Ga alamun da mai reno ba za ta yi shiru a kansu ba:

Yaro ya ƙi shan nono ko ruwa.
Yana amai da duk abin da ya sha.
Ya yi jijjiga.
Ya yi laushi, ana tashinsa ba ya farkawa sosai.
Numfashinsa ya yi sauri.

Ana iya ƙirga numfashi da agogon waya na minti ɗaya, yaro yana kwance ba ya kuka. Daga wata 2 zuwa shekara 1, in ya kai 50, ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, ya yi sauri. In an ga ɗaya daga cikin alamun nan, sai asibiti, tun da rana, ba a jira dare.

Isar da magana

Ganin ciwo rabin aiki ne. Saura a faɗa yadda za a gane. Yarinya takan zo ta ce, “Inna, ba ya jin daɗi.” Uwa ta ce, “Goya shi, ina zuwa.” Da haka yini ke wucewa. Amma ku ji wannan:

“Inna, tun hantsi jikinsa da zafi. Ya yi zawo sau huɗu. Na ba shi ruwa ya ƙi sha.”

Wace uwa ce za ta ji wannan ta ci gaba da daka? Magana mai amfani tana da ƙafa huɗu: wane ne, me ya same shi, tun yaushe, me aka ba shi. Haka saurayin da aka aika wurin ma'aikacin lafiya zai faɗa. In kuwa an ba shi magani, ya maimaita bayanin a gaban ma'aikacin kafin ya tashi: ƙwaya nawa, sau nawa a rana, har kwana nawa. Matambayi ba ya ɓata.

Iyaye kuma, in yarinya ta kawo labari, ko da ya zama ba kome, a ce mata, “Madalla, kin kyauta.” In an yi mata tsawa yau, ran da ciwon gaske ya zo za ta yi shiru. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Aikin gida

Yau da dare kowa ya kira ɗansa ko 'yarsa, ya tambaye shi abin da ya fi damunsa a makon nan. Kada ka yi faɗa, kada ka ba da shawara sai ya gama.

Tambayoyi

1. Faɗi ƙa'idodi huɗu na sauraro.
2. Me ake ba jinjirin da bai cika wata 6 ba?
3. Numfashi nawa ne ya yi sauri ga ɗan shekara 2?
4. Rubuta ƙafafu huɗu na magana a littafinka.