Yadda Ake Ɗaura Inji a Jirgin Sama Mai Rimot: Dalilin Karkatar da Shi da Gangan

Wanda ya sayi jirgin wasa mai rimot, irin wanda ake harhaɗawa a gida, yakan ɗauka cewa inji sai ya kalli gaba sak. Ba haka ba ne. A yawancin jiragen koyo ana karkatar da injin zuwa dama da kuma ƙasa, kamar digiri 2 zuwa 3. Jirgin da aka ɗaura wa inji a miƙe yakan fizgi hagu yana barin ƙasa, kuma tashin farko na iya zama na ƙarshe.

Dalilin yana cikin farfela. Idan aka tsaya bayan jirgi, za a ga tana juyawa kamar hannun agogo. Ƙarfin juyin yana murɗa gangar jirgin zuwa hagu, iskar da take turowa kuma tana nannaɗe jikinsa ta bugi wutsiya ta gefen hagu, sai hanci ya karkata hagu. Karkatar dama ita ke kashe wannan. Ta ƙasa kuwa maganin wata matsala ce: fiffike mai shafaffen ciki yana ɗaga jirgi da zarar an ƙara totur, ko ba a nema ba.

Kafin a huda komai, a duba allon filawud na gaba, wanda injin zai zauna a kai. Kamfanoni da yawa sun riga sun yanko shi a karkace, kuma ƙara masa wosha ninka kusurwa ne. Nan waya take da amfani. A buɗe manhajar auna daidaito (a iPhone tana cikin Measure, a Android akwai irinta kyauta), a saita gangar jirgi daidai da layin da takardar zane ta nuna, sannan a jingina wayar a allon a karanta karkatar ƙasa. A kwantar da jirgin a gefensa don auna ta dama. Idan allon a miƙe yake, wosha a bayan kusoshin sama na mazaunin inji yana sunkuyar da shi, wosha a ɓangaren hagu kuma yana juya shi dama. Hagu da dama a nan na wanda ke bayan jirgi ne.

Akwai lissafin da ake yawan tsallakewa. Inji idan ya karkata, bakinsa yana kauce wa tsakiya. Misali, idan tazarar allo zuwa farfela milimita 110 ce, digiri 2 zai kautar da ita kusan milimita 4. Don haka ana matsar da mazaunin hagu da milimita 4, ana ɗaga shi gwargwadon karkatar ƙasa, farfela ta dawo tsakiyar hanci. In ba haka ba, murfin hanci ba zai shiga ba sai an yi masa ɓarna.

Injin mai, irin O.S. 46 na Japan, yana shan haɗin methanol da nitromethane da man shafawa, kuma katako yana tsotse wannan mai har ya ruɓe. A shafe allon da gam mai haɗi biyu irin Araldite, a ɗan tsinka shi da sinadarin alkohol, har cikin ramuka. A bayan allo a sa noti mai haƙora da ke nutsewa cikin katako, domin hannu ba ya isa wurin bayan an rufe jirgi. Jijjiga tana kwance kusa cikin mintuna, saboda haka ɗigon Loctite shuɗi dole ne inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Tsakiyar tanki ta yi daidai da tsayin kafireta, tiyo kada ya lanƙwashe, sandar totur kuma ta yi motsi ba tare da ta cije ba.

Mai amfani da motar lantarki ya huta da zancen mai, amma kusa mai tsawo tana iya taɓa wayoyin ciki ta ƙone motar. Kuma a cire farfela duk lokacin saiti a kan tebur; tana yanka yatsa.

Bayan ɗauri sai awon nauyi. A ɗora jirgin a kan yatsu biyu a wurin da takarda ta nuna, galibi kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na faɗin fiffike daga gaba, tanki babu mai. Hanci ya ɗan rinjaya ba laifi. Wutsiya mai nauyi ce ke jefar da jirgi.

Sauran gyara a sama ake ganinsa. A daidaita jirgi yana tafiya a miƙe da cikakken totur, sai a sauke totur ɗin farat ɗaya. Idan hanci ya nutse da ƙarfi, a ƙara karkatar ƙasa. Idan ya ɗaga, a rage. Idan yana jan hagu wajen hawa, a ƙara wosha ɗaya a hagu, a sake tashi.