Kano, Ibadan Da Anaca: Biranen Kasuwa Uku Na Ƙasarmu

Idan ka sayar da buhun wake a kasuwar ƙauyenku, ka san inda yake zuwa? Mai saye zai loda shi a mota. Wataƙila Dawanau za a kai shi, a Kano. Daga can wata babbar mota ta ɗauka. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi a Ibadan ko Anaca. Manjan da uwargida take sa wa miya, da goron da kake ci, su kuma daga Kudu suka fito.

Darasinmu na wannan wata a kan waɗannan birane uku ne. Kano tana Arewa. Ibadan tana Kudu maso Yamma, a ƙasar Yarbawa. Anaca tana Kudu maso Gabas, a ƙasar Ibo. Dukansu biranen kasuwa ne. Za mu duba kowane ɗaya, sa'an nan mu gwada su da juna.

KANO

Kano ta fi sauran biyun daɗewa. Mutane sun fara zama ne a gindin dutsen Dala. An soma gina ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu, kimanin shekara 900 da suka wuce. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Har yau tana ci.

Me ya sa Kano ta bunƙasa? Ƙasarta tana da albarkar noma, kuma tana kan hanyar fatake. Ayarin raƙuma yakan zo daga hamada da gishiri da kanwa. Yakan koma da hatsi, da fatu, da tufafin da aka rina a marina. A 1911 layin dogo ya iso Kano. Daga nan cinikin gyaɗa ya haɓaka, har aka riƙa tara buhuna dala-dala. Yanzu babu dalar gyaɗa, amma akwai Dawanau ta hatsi, da Kantin Kwari ta yadi da atamfa, da 'Yankaba ta kayan gwari.

IBADAN

Ibadan ba ta kai shekara 200 da zama babban gari ba. Wajen 1829 aka kafa ta. Da farko sansanin mayaƙa ce, a lokacin da yaƙe-yaƙe suka wargaza tsohuwar daular Oyo. Mutane suka riƙa gudowa cikin duwatsunta don neman tsira. Kafin a jima ta cika ta batse.

Garin yana daidai inda kurmi ya ƙare, fili ya fara. Saboda haka kayan kurmi da kayan Arewa a nan suke haɗuwa. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Ikko a 1901. Abin da gyaɗa ta yi wa Kano, shi koko ya yi wa Ibadan. Wannan koko ɗan itace ne da ake yin cakulan da shi. Da arzikinsa aka gina Gidan Koko a 1965, bene mai hawa 26. A Ibadan aka buɗe kwalejin jami'a ta farko a Nijeriya a 1948, da gidan talabijin na farko a 1959. Kasuwar Bodija ita ce babbar kasuwar abinci ta garin.

ANACA

A jikin mota ko allon hanya za ka ga an rubuta Onitsha. Shi ne Anaca. Garin yana bakin Kogin Kwara, ta gefen gabas. Kogin shi ne hanyarta ta farko. Jiragen ruwa sukan kawo kayan Turawa, su ɗauki manja da ƙwarar kwakwa. A 1857 'yan mishan suka sauka a garin, daga baya suka buɗe makarantu.

A 1965 aka gama babbar gada wadda ta haɗa Anaca da Asaba. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya lalata gadar da kasuwar garin. Bayan yaƙi aka gyara, ciniki ya dawo. A 2023 aka buɗe gada ta biyu don rage cunkoso. Babbar kasuwar Anaca tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Ana sayar da yadi, da takalma, da kayan gini, da kayan wuta, da magunguna.

INDA SUKA YI KAMA

Na ɗaya, dukansu a mahaɗar hanya suke. Kano tana tsakanin hamada da ƙasar noma. Ibadan tana tsakanin kurmi da fili. Anaca tana inda hanyar ruwa ta gamu da ta tudu. Kasuwa takan girma ne a inda mai wannan kaya yake gamuwa da mai wancan.

Na biyu, kowane birni da amfanin gonar da ya ɗaga shi. Kano gyaɗa, Ibadan koko, Anaca manja. Ashe gumin manomi ne ya gina dukansu.

Na uku, duk suna karɓar baƙi. A Kano akwai Sabon Gari, inda mutanen Kudu suka zauna tun zamanin Turawa. A Ibadan akwai Sabo, unguwar Hausawa, wadda aka kafa a 1916 saboda fataucin goro da shanu. A Anaca ma akwai Hausawa masu sayar da dabbobi da albasa da wake. Dokta Nnamdi Azikiwe, shugaban ƙasa na farko, mutumin Anaca ne, amma a Zungeru aka haife shi a 1904, kuma yana jin Hausa.

Na huɗu, kasuwa ta taimaki karatu. Tun kafin samun mulkin kai ake buga ƙananan littattafai masu arha ana sayarwa a kasuwar Anaca. Haka aka yi a Kano daga wajen 1984, lokacin da littattafan labarai na Hausa suka cika kasuwa.

INDA SUKA BAMBANTA

Ruwan sama. Daminar Kano kamar wata huɗu ce. Saboda haka gero da dawa da wake da gyaɗa ake nomawa. A Ibadan da Anaca ruwa yakan kai wata bakwai ko fiye. Can ne ake samun rogo da doya da agada da kwakwar manja. Shanunmu kuwa ba sa jin daɗin kurmi saboda ƙudan tsando. Shi ya sa nama daga Arewa yake zuwa musu.

Sarauta. A Kano masu zaɓen sarki ne suke zaɓe daga gidan sarauta. A Ibadan sarkin ana kiransa Olubadan, kuma ba gadon uba da ɗa ba ne. Mutum yana hawa ne daga wannan muƙami zuwa na gaba, kamar tsani, har ya kai sama. Don haka yawanci dattijo ne yake hawa gadon. A Anaca sarkin ana kiransa Obi, yana da bikin shekara da ake kira Ofala.

Mulki. Kano hedkwatar Jihar Kano ce tun 1967. Ibadan hedkwatar Jihar Oyo ce tun 1976. Anaca tana cikin Jihar Anambra, amma hedkwatar jihar tana Awka.

Koyon kasuwanci. A ƙasar Ibo yaro yakan yi wa maigida hidima a shago na wasu shekaru. Idan wa'adi ya cika, sai maigida ya sallame shi da jari, ya buɗe nasa shagon. A Kano ma akwai yaron gida da maigida, sai dai ba kasafai ake yanke wa'adi tun farko ba.

ABIN DA YA FARU A 2021

A watan Fabrairu na 2021 rikici ya tashi a kasuwar Sasa ta Ibadan tsakanin 'yan kasuwa Hausawa da Yarbawa. An rasa rayuka, an ƙone rumfuna da gidaje. Bayan haka ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta Arewa ta daina kai kaya Kudu na kimanin mako ɗaya.

Me ya biyo baya? A Kudu tumatir da albasa da nama suka yi tsada ƙwarai. A Arewa kuwa kwandunan tumatir suka taru, farashi ya faɗi, wani ya ruɓe a hannun manoma. Kowa ya ji a jikinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai fadama a Kadawa yana bukatar mai saye a Bodija, kamar yadda mai miya a Kano take bukatar manjan Anaca. Zaman lafiyar waɗannan kasuwanni ya shafi aljihunka, ko da ba ka taɓa taka Kudu ba.

TAMBAYOYI

1. Wane sarki ne ya kafa Kasuwar Kurmi?
2. A wace shekara jirgin ƙasa ya iso Ibadan? A wace shekara ya iso Kano? Shekara nawa ne tsakani?
3. Wane kogi ne ya bi ta Anaca?
4. Faɗi abu biyu da biranen nan suka yi kama a kai.
5. Me ya sa tumatir ya faɗi a Arewa a 2021?

AIKI

Ranar kasuwarku ka tafi da takarda da fensir. Ka rubuta kaya biyar da suka zo daga Kudu, da kaya biyar da ake ɗauka daga garinku. Ka tambayi direba ko dillali inda ake kai su, da nawa ake sayar da buhu a can. Matambayi ba ya ɓata. Ka kawo abin da ka rubuta aji, ku karanta tare.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.